Hayaƙin Da Ya Zo Daga Arewa

A can ƙasar Koriya, tun zamanin da kowane kwari ke da sarkinsa, an yi wata daula da ake kira Sorim. Bayanta duwatsu ne, gabanta teku. Mutanenta suna da wata dabarar aika labari da ta fi doki sauri. Daga bakin teku a kudu zuwa babban birni a arewa tafiyar kwana shida ce ga mai doki, to a tsakanin nan sai suka zaɓi tsaunuka arba'in da ɗaya, kowanne yana hangen na gabansa, suka gina murhun dutse biyar-biyar a kansu. Kullum da hantsi mai gadin tsaunin farko zai tayar da hayaƙi, na biyu ya gani ya tayar da nasa, a haka har labari ya shiga fada kafin rana ta raba tsaka. Hayaƙi ɗaya, lafiya lau. Biyu, an hango baƙin jirage. Uku, sun doso gaɓa. Huɗu, sun sauka, biyar kuwa ana gwabzawa.

Hayaƙin nan hanya ɗaya ya sani, daga kudu zuwa arewa. Ƙasa ke gaya wa fada halin da take ciki, fada ba ta taɓa waiwayowa ta ce ta ji ba. Tsaunin da hayaƙin ke farawa kuma, maimakon a kira shi na farko, sai fadawa suka sa masa suna Dutsen Ƙarshe, don su daga inda suke zaune suke ƙirga komai na duniya.

A gindin wannan dutse aka ajiye Yarima Unhak, ƙanin Sarki, uwa ɗaya uba ɗaya.

A daular Sorim zama ƙanin sarki ba abin murna ba ne. Ba ya riƙe sarauta, ba ya jan runduna, ba a ma son a ga takalma da yawa a ƙofar gidansa. Aikinsa ya ci, ya sha, ya zana tsuntsaye a takarda, ya yi iyakar ƙoƙarinsa kada wani ya yabe shi. Unhak ya kiyaye duk wannan. Amma wata shekara aka kama waɗansu hakimai suna ƙulla tawaye, aka sami takarda a hannunsu ɗauke da sunan wanda za su naɗa in sun yi nasara, sunan kuwa nasa ne. Ko fuskokinsu bai sani ba. Wannan bai dami majalisa ba ko kaɗan. Kwana goma sha biyu manyan fada suna durƙushe a farfajiya suna roƙon a ba su kansa, Sarki yana cewa a'a, har dai aka tsaya a kan hukuncin da ke bi wa kisa, wato shingen ƙaya.

Ga yadda ake yinsa. A gina ɗaki ɗaya, a kewaye shi da wata irin bishiya mai ƙaya tsawon yatsa, mai 'ya'ya kamar lemun tsami da ba sa ciyuwa, a bar ta ta tashi har ta wuce rufin ɗakin. Ba ƙofa, sai 'yar kafa a ƙasa inda ake turo abinci bayan kwana goma-goma. Wanda ya ƙetare shingen ya yanke wa kansa hukuncin mutuwa. Shekara shida Yarima yana ciki. Rana ba ta leƙo shi sai ta take tsaka, ta ɗan taɓa tsakar gidan ta wuce abinta. A shekarar farko ya rubuta wa Sarki wasiƙa goma sha ɗaya, ba amsa, daga baya ma aka zo aka karɓe tawada da takarda. Ya koma yana tsoma yatsa a ruwa yana rubutu a kan dutsen bakin ɗaki, kafin ya kai ƙarshen layi farkon ya bushe.

Sanyin dusar ƙanƙara ya gasa shi, yunwa ma ta taɓa shi, amma abin da ya fi cin ransa kewar wansa ce. Yana kuma jin haushin kansa a kan haka, don wan nasa ne ya sa hatimi a takardar hukuncin. Bargo ɗaya suke rufa suna yara, har ran da aka ɗauke babban aka kai shi Fadar Gabas, inda ake renon mai jiran gado. Tun daga ranar, Unhak yana ɗan shekara bakwai, aka hana shi cewa Yaya, sai dai ranka ya daɗe. Yanzu abin da ya rage a tsakaninsu hayaƙi ne kawai. Ta saman shingen yana iya hango kan Dutsen Ƙarshe, kullum da hantsi yakan tsaya ya ga zaren hayaƙin nan guda ya miƙe, ya ce a ransa, kafin rana ta raba tsaka wannan zai wuce ta gaban idon Sarki. Daga nan sai ya koma ɗaki, aikin ranar ya ƙare ke nan.

Mai turo masa abinci shi ne tsoho Gapdol, Sarkin Wutar Dutsen Ƙarshe, wanda ya gaji murhun nan daga ubansa. An hana kowa yi wa fursuna magana, Gapdol kuwa mai bin doka ne, bai taɓa yi masa magana ba. Sai dai ka san tsofaffi da surutu su kaɗai, shi kuma nasa surutun ba ya zo masa sai yana tsugune a bakin kafar nan.

Ran nan, kaka ta yi, shinkafa ta nuna a gonaki, sai ga shi ya zo ba a ranar kawo abinci ba. Ya tsuguna a bakin kafar. Can ya ce, “Kai, tsufa da masifa yake. Mutum ya ga jirage arba'in laɓe a bayan Tsibirin Awaki, yau kwana uku, amma kullum ya hau dutse ya gaya wa Sarki lafiya lau.”

Yarima ya matso ya durƙusa ta ciki. Muryarsa ta fito a shaƙe, don rabonsa da amfani da ita an kwana biyu. Ya ce, “Baba, jiragen wa?”

“Na mutanen tsibirai, ranka ya daɗe, masu ƙona gari su kwashi mata da yara. Na san su tun ina saurayi. Cikar wata suke jira, ran da teku ke hawa har bakin gonaki, sa'an nan su shigo kogi. Saura kwana tara.”

“To me ya hana ka tayar da uku?”

Tsoho ya turo hannunsa na dama ta kafar. Yatsu biyu sun karkace, ba sa lanƙwasuwa. Ya ce, “Bara na tayar da biyu, ashe jiragen fatake ne. Fada ta aiko wa hakimi da faɗa, wai ya tayar wa Sarki da hankali a banza. Shi kuma ya huce a kaina, sanda arba'in, ya sa aka kwashe itacen murhu huɗu, na ɗayan ma kullum auno mini ake yi. Ya ce duk wanda ya ƙara hura na biyu ba da izininsa ba, a bakin ransa, shi da 'ya'yansa. Jiya na je in gaya masa, na tarar ya ɗaure kaya, ya kwashi iyalinsa da dogaran da ke gadinka, wai ya tafi ziyarar kaburburan kakanni. Abokan aikina suna kallona, ni ina kallonsu.”

Yarima ya dubi karkatattun yatsun nan. Sai ya ce, “In ni na hura fa?”

“Wanda ba ma'aikacin wuta ba ya taɓa murhu, kisa ne. Wanda ya fito daga shingen nan, kisa ne.”

“Sau nawa za su kashe ni, Baba? Kai kana da jikoki a ƙauyen nan. Ni shekara shida ba wanda ya tambaya ko ina da rai. Je ka kawo mini gatari.”

“Ai ba itace, ranka ya daɗe.”

Yarima ya ɗaga kai ya dubi shingen da ya tare masa rana tsawon shekarun nan, ya ce, “Ɗanyen reshe ba ya hayaƙi ne?”

Tsoho ya fashe da dariya, dariyar ta ƙare da share ido da bakin riga.

Kashegari da sassafe Yarima ya sari shingen da hannunsa. Ƙaya ta yayyage masa hannuwa da fuska, ya ɗaure rassan ya yi ta jigila zuwa kan dutse, bai yarda kowa ya taɓa ko reshe ɗaya ba. Hawansa na farko, da ya ga teku shimfiɗe har iyakar gani, jiri ya ɗebe shi ya zauna daɓas, don idonsa ya manta da nisa. Da hantsi hayaƙi uku suka miƙe daga Dutsen Ƙarshe, baƙi ƙirin. Ya tsaya yana duban arewa har ya ga tsauni na biyu ya ɗauka, sa'an nan ya sauko ya shiga ta ɓarakar da ya yi. Gapdol ya biyo shi yana cewa a nemo ƙaya a toshe wurin. Yarima ya ce, “Bar shi a buɗe. Shi ne shaidar da za ta ce ni na hura, ba kai ba.”

Kafin rana ta raba tsaka mai tsaron hasumiyar fada ya faɗi a gaban Sarki ya ce uku ne daga kudu. Aka buga babbar ganga, majalisa ta cika, manya suka jeru hagu da dama cikin jajayen riguna, kai a sunkuye.

Wazirin Hagu, Maeng Dojin, surukin Sarki, shi ya fara. Shi ne ya jagoranci durƙuson kwana goma sha biyun nan. Mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa ɗaga ta ba, bai kuma taɓa buƙatar ɗagawa ba.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, Uban ƙasa, bawanka zai yi magana cikin tsoro. Shekaranjiya masu duban sama sun ga farin bakan gizo ya ratsa rana, littattafan magabata kuwa sun ce wannan alama ce ta na ƙasa yana neman kujerar na sama. Yau ga hayaƙi uku. Hakimin gaɓa ya rubuto tun bara cewa ya kwashe itacen murhu huɗu, ba mai hura su sai da izininsa, wasiƙarsa ta watan nan kuma ta ce teku shiru. To hannun wa ya hura? Mai gadi ba zai sayar da ransa ba. A gindin dutsen nan mutum ɗaya ne wanda ba shi da abin asara. Mu fitar da runduna kudu, birni ya zama fanko, sai ragowar waɗanda suka rubuta sunansa, waɗanda ba mu gama kamawa ba, su buɗe ƙofa. Bawanka yana roƙo kada ko doki ɗaya ya fita. A aika da kwano.”

Kowa ya san kwanon da ake nufi. A Sorim ba a zubar da jinin gidan sarauta da takobi. Dafi ake aikawa a farin kwanon tangaran, a ce kyauta ce daga Sarki, wanda aka kai wa kuma sai ya yi godiya kafin ya sha.

Madawaki Tak Gunho, shugaban mayaƙa, ƙato ne mai tabo a haɓa, wanda zaman majalisa ke sa shi ciwon baya. Ya matso ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ban iya karanta bakan gizo ba, hayaƙi na iya karantawa. Kakanninmu sun gina murhun nan ne don in ya ce uku mu hau doki, ba don mu zauna muna tambayar wa ya hura ba. In ƙarya ce, mun yi asarar kwana goma sha biyu da gumin dawaki. In gaskiya ce muka zauna, garuruwa bakwai ne a bakin kogin nan, ga shinkafa tsaye a gona, ga mata, ga yara. Kuma in muka ƙi amsa uku yau, gobe wane mai gadi ne zai wahalar da kansa ya hura?”

Wazirin Hagu ya ce, “Madawaki yana maganar garuruwa bakwai, bawanka yana maganar gadon sarauta.”

Madawaki ya ce, “Gadon ai a kan garuruwan yake zaune.”

Aka yi ta ja-in-ja a gaban Sarki har rana ta karkata. Shekara shida ba a ambaci ƙaninsa a gabansa ba, shi ma bai ambata ba, har fadawa suka ɗauka ya manta. Daga ƙarshe ya ɗaga hannu, zauren ya yi tsit.

Ya ce, “Madawaki zai fita gobe da mahaya dubu biyu, saura su tsare birni. Jakada Seol Inbo zai bi bayansa da kwana ɗaya, ɗauke da kwano. In ya tarar da shinge lafiya, ya dawo da shi. In ya tarar an keta, doka ce, ya bayar kafin faɗuwar rana a ranar da ya isa, sai dai in saƙo ya riske shi daga fada.”

Wazirin Hagu ya auna maganar. Kafin a san gaskiyar abin da ke kudu jakada ya yi nisa, ba kuwa dokin da zai ci tafiyar kwana shida a yini ɗaya. Ya sunkuya ya ce, “Hikimar Mai Martaba ta fi ƙarfin bayinsa.” Aka sa hatimi.

Da Madawaki ya zo karɓar takobin yaƙi, Sarki ya riƙe kuben bai saki ba. Ya ce ƙasa-ƙasa, “Kowane tsauni ka wuce, ka bar wa masu gadi magana daga bakina. In suka ga hayaƙi ya taso daga arewa, su miƙa shi kudu.”

“Ranka ya daɗe, ba a taɓa yi ba.”

“Na sani,” in ji Sarki, ya saki takobin.

A kudu kuwa, kullum sai Yarima ya sari shinge ya hau dutse ya tayar da uku, ya sauko ya koma ɗaki. Kafin kwana bakwai rabin shingen ya tafi, rana tana yini a tsakar gidansa tun daga safe har yamma. Amma buɗewar ba ta kawo masa kowa ba. Mutanen ƙauye sukan ajiye masa tuwon shinkafa da busasshen kifi a kan wani dutse can nesa, su sunkuya su juya da sauri, don tsoron kada a ce an gan su tare da shi. Da shinge ya kewaye shi yana iya cewa ƙaya ce ta hana mutane zuwa. Yanzu ba shi da wannan uzurin, abin ya fi yi masa ciwo.

Ran kwana na takwas da maganarsa da tsoho, Madawaki ya iso, ya ɓoye mahayansa a bayan tuddai. Ya bi ta gefen shingen a kan baƙin dokinsa, ya tsaya yana gyara linzamin da ba abin da ya same shi. Shi ma doka ta hana shi gaisuwa, sai ya yi wa dokin magana da ƙarfi.

“Ka ga wannan shinge, Akawal? Wanda ya sare shi ya fi majalisa duka amfani. Sai dai akwai kwano a bayanmu, tafiyar yini ɗaya. In da mai kunne a nan kusa, hanyar duwatsun yamma ba kowa a kanta.”

Yarima, daga bakin ɗakinsa, ya dubi ƙayar da ta rage ya ce mata, “In mai kunnen ya gudu, masu kiransa ɗan tawaye sun yi gaskiya ke nan, tsoho kuma zai sha a madadinsa.” Sa'an nan ya juyo ya dubi Madawaki ido cikin ido, ya ajiye wasan. “Sarki ya ce wani abu a kaina?”

Madawaki ya tuna da maganar tsaunuka, amma bai san abin da Sarki ke nufi da ita ba, yana kuma tsoron ya sa wa mutum rai a kan abin da ba shi da tabbas. Ya ce, “Bai ambaci suna ba, ranka ya daɗe.”

Yarima ya gyaɗa kai ya shiga ɗaki.

Kashegari da asuba teku ya hau har bakin gonaki, jirage arba'in suka shigo kogi a jere. Madawaki ya bar su suka sauka, ya ba Gapdol itace da izinin takobin Sarki, hayaƙi huɗu suka tashi. Mahaya suna ta ƙaiƙayin hannu, shi kuwa ya ƙi motsi, don tsohon ya gaya masa cewa ruwan cikar wata yadda ya hau da yawa haka yake janyewa da yawa. Maharan suka bazu cikin gonaki suna neman mutanen da tuni an kwashe su zuwa tudu. Da hantsi ruwa ya janye, jirage suka zauna a kan laka, suka karkace. Nan Madawaki ya zare takobi. Mahaya dubu biyu suka gangaro daga bayan tuddai suka shiga tsakanin maharan da jiragensu, 'yan baka suka bi jiragen da kibau masu wuta. Wanda ya gudu wajen ruwa laka ta riƙe shi har gwiwa. Biyar suka miƙe daga Dutsen Ƙarshe, abin da Gapdol bai taɓa gani ba, ubansa ma bai gani ba. Kafin rana ta karkata an gama, jirage shida kaɗai suka sha da ƙyar, don ba su shigo ciki sosai ba.

Duk wannan Yarima da kunne ya gan shi, yana zaune a bakin ɗakinsa. Ya ji ihu, ya ji ya lafa, ya ji mata suna guɗa a tudu. Ya yi murna, murnar ba ta da wanda za a yi ta da shi.

Da la'asar Jakada Seol Inbo ya iso. Siririn dattijo ne, shekara talatin yana kai saƙon fada bai taɓa ƙara harafi ko ya rage ba. Ya ratsa ta cikin gawarwaki, ya zo ya tsaya a gaban ɓarakar da keken shanu biyu za su wuce a jere, ya dube ta da kyau kamar wanda ke shakka. Madawaki, da jini a hannun rigarsa, ya sha gabansa.

“Jakada, ba ka ga abin da ke kogi ba?”

“Na gani, Madawaki. Ba teku aka aiko ni in duba ba, shinge aka ce.”

“Mutumin nan ya ceci gari bakwai.”

“Zan rubuta haka. Takarda ta ce kafin faɗuwar rana.” Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ƙara da cewa, “Ba ta dai ce tun yaushe kafin faɗuwar ba.”

Daga nan Jakada ya zama mutum mai tsananin son tsari. Tabarmar da aka shimfiɗa ba ta fuskanci arewa daidai ba, a gyara. Teburin ya yi gajarta, a nemo wani. Dafin ya huce, a ɗumama. Ya karanta takardar a hankali, yana tari a tsakanin layi da layi. Amma rana ba ta karɓar umarnin jakada, ta yi ta gangarawa har ta yi ja a kan ruwa.

Yarima ya yi wanka, ya sa rigar fadar da ya zo da ita, wadda asu ya cinye wa kafaɗa. Ya fuskanci arewa ya kai goshinsa ƙasa sau huɗu, ya gode wa Sarki da kyautarsa kamar yadda al'ada ta ce. Ya ce, “Jakada, akan rubuta maganar ƙarshe?”

“Akan rubuta, ranka ya daɗe.”

“Rubuta cewa tsoho Gapdol bai taɓa ko reshe ɗaya ba. Shi ke nan.”

“Ba saƙo ga Mai Martaba?”

“Na aika goma sha ɗaya.”

Ya miƙa hannu biyu ya karɓi kwanon. Tsoron mutuwa yana nan, ba zan ce babu ba, amma abin da ya fi damunsa shi ne zai tafi bai san ko wansa ya taɓa buɗe ko ɗaya daga wasiƙun nan ba. Gefen rana ya taɓa ruwa.

Sai aka ji ihu daga kan dutse. Gapdol ne ke gangarowa yana tuntuɓe, yana nuna bayansa da karkataccen hannun nan. “Hayaƙi! Hayaƙi daga arewa!”

Kowa ya juya. Da shingen yana nan da ba wanda zai gani, amma ta ɓarakar ana hango tsauni na biyu sarai, a kansa kuma ga zaren hayaƙi guda ɗaya ya miƙe tsaye, hasken yamma ya rina shi.

Jakada ya ce, “Mai gadin can ya ruɗe ne? Hayaƙi ba ya komawa baya.”

Madawaki ya ce, “Bai ruɗe ba. Ni na bar masa maganar, shi da sauran tsaunuka duka, daga bakin Mai Martaba. Ba mai fara wannan sai tsaunin fada.”

Jakada ya sake warware takardar, ya bi layin ƙarshe da yatsa, ya ɗaga kai ya ƙirga hayaƙin, ko da yake ba abin ƙirgawa. Ya ce, “Saƙo daga fada. Ɗaya ne. Lafiya lau.” Ya durƙusa ya kama kwanon da hannu biyu. Yatsun Yarima sun ƙage a jikinsa, sai da aka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Jakada ya je ya tuttule dafin a gindin kututturen ƙaya, ya kife kwanon.

Gapdol ya ƙaraso yana haki, ya zube a gefen tabarma. Ya manta da dokar hana magana, ba kuwa wanda ya tuna masa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, shekara arba'in ina miƙa hayaƙi, yau an miƙo mini, ban san yadda zan yi da shi ba. Wa zan ba? Gabana ba tsauni, sai ruwa.”

Jakada ya ce, “Ba inda za ka kai shi, tsoho. Ya iso inda aka aiko shi.”

Yarima bai ji su ba. Yana durƙushe a kan tabarma, fuska a arewa, hawaye yana bin sawun ƙaya a kumatunsa. Ya buɗe baki zai yi godiyar fada da aka koya masa tun yana ɗan shekara bakwai, sai ta ƙi fitowa. Ya dubi hayaƙin, ya amsa a hankali.

“Na'am, Yaya.”